Kafin a Kai Katafila Kurmi, a Fara Buɗe wa Ruwa Hanya

Duk wanda ya bi lungunan da suka kewaye Kasuwar Kurmi ta birnin Kano a ƙarshen watan Agusta, in ya sauke idonsa ƙasa, zai ga abu guda a jikin tsofaffin bangaye. Daga gindi zuwa wajen gwiwa launin bangon ya yi duhu, simintin da aka shafa masa ya yi ciki, wani wurin ma ya ɓantare ya bar jar ƙasa a fili tana marmashewa. In ka ƙwanƙwasa simintin da bayan yatsa, sai ya amsa kamar an kife ƙwarya. Ka dubi bakin ƙofa, sai ka tarar titi ya fi daɓen zaure tudu, masu gida sun jera bulo layi biyu a dokin ƙofa don tare ruwa, mai shiga sai ya ɗaga ƙafa ya tsallaka sannan ya gangara ciki. Mutane suna cewa tsufa ne ya ci ginin. Ruwan da aka toshe wa hanya ne ya ci shi.

Na fara da wannan ne saboda duk lokacin da aka tayar da maganar gyaran Kurmi, abin da ke riga zuwa baki shi ne a rushe, a faɗaɗa titi, a tayar da benaye masu jerin shaguna irin na Kantin Kwari. A ganina wannan hanya za ta ci kuɗi mai yawa, ta kori masu sana'ar da suka riƙe wurin, sannan bayan 'yan shekaru ruwan nan dai ya dawo ya zauna a gindin sabon ginin. Aikin da Kurmi da titunanta ke nema ba mai ƙyalƙyali ba ne. Magudana ce, da yaɓe, da wayar lantarki, da hanyar da motar 'yan kwana-kwana za ta shiga, da sanin wa ya mallaki me.

Sai an san yadda wurin ya samo asali kafin a gane dalilin da ya sa ruwa ke son sa. Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, shi ne kundin tarihin sarakunan Kano ya jingina wa kafa Kurmi, tare da gina gidan sarautar da har yau ake kira Gidan Rumfa da faɗaɗa ganuwa. An ajiye kasuwar a bakin rafin Jakara, tsakanin tsohon mazauni na gindin Dala da sabuwar fada da ke kudu. Dabara ce mai kyau ga zamaninta: ayari ya samu ruwan shayar da raƙuma da jakuna, kuma kasuwa ta zama cibiyar da kowace ƙofa ke aiko mata da hanya. Amma wurin kwari ne. Baturen Birtaniya Hugh Clapperton, da ya shigo Kano a 1824, ya rubuta cewa wata babbar fadama ta kusa raba birnin gida biyu, kuma kasuwa tana ci ne a kan ɗan tudun da ya ratsa ta, wanda ruwa kan shanye da damina. Ke nan shekara ɗari biyu da suka wuce ma haka wurin yake. Duk wani tsarin gyara da bai fara da wannan gaskiyar ba, an gina shi a kan mantuwa.

Sunayen unguwannin da ke kewaye da kasuwar su kansu taswira ce ga mai son karantawa. Alfindiki daga kalmar Larabci take, ta masaukin fatake. Dandalin Turawa ya samu sunansa tun kafin zuwan Turawan Ingila, lokacin da Larabawan Gadamus da Tarabulus ne ake kira Turawa. Ga Zangon Barebari, ga Tudun Nufawa, ga Ayagi ta Yarbawa, ga Agadasawa. Sharifai tana da alaƙa da zuriyar Shehu Magili, malamin da ya zauna Kano a zamanin Rumfa ya rubuta masa nasiha kan mulki. Wasu unguwannin kuwa sana'a ce ta raɗa musu suna, kamar Dukawa da Soron Ɗinki da Takalmawa. Ta wajen Koki da Sarari attajiran goro suka kafa gidajensu, cikinsu har da Alhassan Ɗantata wanda ya rasu a 1955. Ta waɗannan lunguna gishirin Bilma ya shigo, da kanwar Barno, da goron Gwanja, ta nan kuma turkuɗi da baƙaƙen riguna da jar fatar akuya suka fita, fatar da ta tsallaka Sahara har Turai aka riƙa kiranta fatar Maroko alhali a ƙasar Hausa aka jeme ta.

Abin da ya fi burge ni a tarihin nan shi ne tsarin amana. Baƙo ba ya shiga kasuwa kai tsaye da kayansa. Yana sauka ne a gidan fatoma, wanda zai ba shi ɗaki da abinci, ya adana masa kaya, ya tsaya masa in an yi bashi. Dillali ya kai kayan kasuwa, ya karɓi la'adarsa. Clapperton ya ba da labarin cewa ana rubuta sunan dillali a cikin kowane ƙunshin riga ko zane, ta yadda in mai saye ya kai shi har Barno ya buɗe ya tarar da algus, sai ya aiko da shi, dillali ya nemo mai kaya, doka ta sa ya mayar da kuɗi. Heinrich Barth, Bajamushen da aka sani da Abdulkarim, ya zo a 1851 ya ƙiyasta mazauna birnin da 30,000, suna kaiwa 60,000 lokacin da fatake suka cika gari, ya kuma ƙiyasta tufafin da Kano ke fitarwa a shekara da wuri miliyan 300, a lokacin da wuri 2,500 ke daidai da dalar azurfa guda. Dole kuma a faɗi ɗaya ɓangaren: a cikin kasuwar nan an sayar da bayi, mutane masu uwa da uba, har zuwa lokacin da Turawa suka ci Kano a 1903. Wanda zai rubuta tarihin Kurmi a allo ya kafa a bakin ƙofa, kada ya tsallake wannan layin.

Jirgin ƙasa ne ya juya wa Kurmi baya. Dogo ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya tashi a shekarar da ta biyo, kantunan Turawa da na Kwara, wato 'yan Siriya da Labanan, suka taru a wajen ganuwa kusa da tasha. Daga nan manyan hajoji suka riƙa ficewa ɗaya bayan ɗaya. Yau atamfa da shadda suna Kwari, hatsi yana Dawanau, kayan masarufi suna Singa, goro yana Mariri, kayan gwari suna 'Yankaba. Ba abin kuka ba ne, don tirela ba za ta taɓa shiga Kurmi ba, kuma bai kamata ta shiga ba.

Abin da ya rage a ciki shi ne abin da ba a samun irinsa a tattare a wani wuri: sirdi da linzami da likkafa da jalala, takubba da kube, layu da jakunkunan fata, tabarmi da faifai da ƙorai, turaren wuta, kanwa, saiwoyi da sassaƙe na masu magani, alluna da tawada da littattafan makarantar soro, huluna da manyan riguna masu aiki. A duba sirdi guda ɗaya. Masassaƙi ne ke fitar da ƙwarangwal ɗinsa na itace, baduku ya lulluɓe shi da fata, maƙeri ya ƙera likkafa da linzami, maɗinki ya yi jalala da kayan ado. Dukkansu suna iya kai wa juna aiki da ƙafa cikin 'yan mintuna, su gwada, su mayar a gyara. A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da ake tinƙaho da su, aka yi ta murna. To kayan da dokin nan ke ɗauke da su ranar Hawan Daushe, mafi yawansu ta waɗannan layuka suka bi. In aka rushe aka raba wa mutanen nan shaguna a hawa na biyu da na uku, da kuɗin hayar da sai mai sayar da wayar hannu zai iya biya, an tsinke igiyar da ta haɗa su. Maƙeri ba ya hura wuta a saman bene.

Akwai kuma wani abin da ake mantawa. Tun 2007 Nijeriya ta sanya ganuwar Kano da wuraren da ke tare da ita, wato Dutsen Dala da Kasuwar Kurmi da Gidan Sarki, a jerin wuraren da take neman a amince da su a matsayin kayan tarihin duniya. Masu tantancewa abin da suke dubawa shi ne ko wurin yana nan a kan asalinsa. Ganuwa dai kowa ya ga yadda aka yanyanka ta aka yi filoti. In Kurmi ta koma benen kankare, babu sauran abin nunawa.

Yanzu ga maganar ruwa, wadda ita ce gindin komai. Milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Idan aka yi ruwa mai ƙarfi na milimita 50, irin wanda Agusta kan kawo a dare ɗaya, rufin da ke da murabba'in mita 100 zai zubo da lita 5,000, wato jarka 200 ta 'yan garuwa. Gida ɗaya ke nan. A da, wannan ruwa yana da wurin zuwa. Tsakar gida ƙasa ce, tana shan rabonta. Lungu ƙasa ne, yana shan nasa. Sauran ya gangara kududdufi, ramukan da aka haƙa tun asali don ɗibar ƙasar gina gidaje da ganuwa, su riƙe shi ya riƙa tsiyaya a hankali, rijiyoyin unguwa su samu. Sai aka cike kududdufai da shara aka yi gini a kai, aka daɓe tsakar gida da siminti, aka rufe da kwano. Ruwan da ke ɗaukar kwanaki kafin ya isa Jakara yanzu cikin minti talatin yake isa gaba ɗayansa. Ambaliyar da ta shiga Kantin Kwari a Agustan 2022 ta lalata dilolin kaya ta nuna cewa kankare ba ya hana ruwa shiga in an toshe masa hanya.

Sannan ga yadda ake gyaran titi. Duk lokacin da aka zo, sai a zuba sabon burji da kwalta a kan tsohuwa ba tare da an kankare ta ba. In kowane zuwa ya ƙara santimita 10 zuwa 15, zuwa uku ya ɗaga titi sama da daɓen gidajen da ke gefensa. Daga ranar gida ya zama magudanar titi.

Gyaran yana da tsari, kuma in aka saɓa tsarin an yi asarar kuɗi. Da farko safiyo ya auna tudu da gangaren kowane lungu, daga bakin Jakara zuwa sama, a san inda ruwa ke son bi da kansa. Na biyu, a fara aiki daga ƙasa, wato daga mafitar ruwa, a hauro. In aka fara gina kwata daga sama alhali ƙasa a toshe take, an tattaro ruwa ne an kai wa mutanen kwari. An riga an rufe wani sashe na Jakara an shimfiɗa titi a kansa, don haka wajibi ne a tabbatar kowace kwata da ke zuba a ciki bakinta a buɗe yake, kuma akwai ƙofofin da ma'aikata za su shiga su yashe. Na uku, kafin a zuba sabon abu a kan titi, a kankare tsohon har ya koma ƙasa da dokin ƙofar gidaje. A lungunan da mota ba ta bi, bulon daɓe da ake jerawa a kan yashi ya fi kwalta, domin yana barin ruwa ya shiga ƙasa, kuma in bututu ya fashe ana ɗaga shi a mayar. Kwata ta samu gangaren da bai gaza santimita ɗaya a kowace mita ba, in ba haka ba ruwa zai kwanta, yashi ya taru, sauro ya samu gida. Murfinta ya zama mai ɗaguwa da hannun mutum biyu, kada a zuba mata kankare a dunƙule. A sa ragar ƙarfe a mahaɗa don tare leda. Yasa kuwa a watan Afrilu da Mayu ake yin ta, kuma a kwashe abin da aka yaso a ranar, don in aka bar shi a bakin kwata ruwan farko zai mayar da shi inda ya fito. Kududdufan da suka rage a cikin birni a kewaye su, a hana zuba shara, a rubuta a doka cewa ba a ba da takardar mallaka a kansu ga kowa, komai girmansa.

Sai ginin ƙasa, wanda aka ɗora wa laifin da ba nasa ba. Magina na da sun san abin da suke yi. Ana haƙo jar ƙasa mai ɗan tsakuwa, a jiƙa, a tattake da ƙafa, a zuba yankakkiyar ciyawa, a bar ta ta kwana biyu ko uku a sake kwaɓawa. A mulmula tubali mai faɗin gindi da tsinin kai, a shanya shi kamar mako biyu. Magini yana zaune a kan bango kamar mai hawan doki, ana cilla masa tubali daga ƙasa yana cafewa yana jerawa a tsaye, yana cike tsakani da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Bangon yana da kauri a gindi, yana sirancewa yayin da yake hawa. Rufi kuwa azara ce ta giginya, wadda gara ba ta cika ci ba, kuma da yake ba a son ta wuce kamar mita biyu ba tare da madogara ba, shi ya sa aka ƙirƙiro baka da ɗaurin guga don rufe babban soro. A kan azara a shimfiɗa zana, a zuba ƙasa, a shafe da laso. Indararo ya miƙe nesa da bango don ruwa ya faɗi can. Dakalin da dattawa ke zama a kai da yamma shi ma yana da aikinsa, shi ke kare gindin bango daga tsiyayar ruwa da gogar dabbobi.

Laso abin a tsaya a kansa ne. Ana haɗa shi da katsi, wato dattin da ke kwanta a gindin rijiyar rini wanda ake ƙonawa a daka, da gashin da majema suka kankare daga fata, da ruwan dafara mai yauƙi. Ma'ana marina irin ta Ƙofar Mata ita ke ba magini sinadarin rufinsa, majema ta ba shi gashi. Da marina suka yi ta mutuwa, katsi ya yi wuya, laso ya ɓace, mutane suka koma siminti. Haka makuba, da ake samu daga ɓawon ɗorawa a shafe bango da ita. Sana'o'in birnin nan a sarƙe suke, in ɗaya ta faɗi sai ta ja wata.

Me ya sa siminti ke kashe bangon ƙasa? Bangon ƙasa yana shan danshi yana fitar da shi. Siminti ba ya barin danshi ya fita. Kuma zafin rana da sanyin dare ba sa motsa su daidai, don haka ba a daɗewa sai siririyar tsaga ta bayyana, ruwa ya shiga ta nan ya rasa mafita. Ƙasar da ke ciki ta jiƙe ta yi laushi, gara ta samu hanya a ɓoye, daga waje kuwa bango yana nan sumul. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, amma a nan kafin a ga tsagar an riga an cinye cikin. Ranar da zai faɗi, gaba ɗaya yake zubowa, sau da yawa da dare ana tsakiyar ruwa, mutane suna barci a ƙarƙashinsa.

Maganinsa shi ne a ɓamɓare simintin da rani, a bar bangon ya sha iska ya bushe. Inda gindi ya zaizaye, kada a buɗe shi duka lokaci guda. A ɗauki kamar mita ɗaya, a tokare, a cike da irin ƙasar da aka yi ginin da ita, kaɗan-kaɗan ana bari tana bushewa, sannan a tsallake a kama wata mitar. In da hali a sa dutse a layin ƙasa. A mayar da dakali. A yi yaɓe da ƙasa da makuba, ko da farar ƙasa, wadda ita ma tana barin bango ya yi numfashi. Wanda ya ga ba zai iya da rufin soro ba ya sa kwano, babu laifi, amma bakin kwanon ya zarce bango da aƙalla rabin mita, kuma ruwansa ya sauka a kwata. Gaskiya ne ginin ƙasa yana son kulawa duk shekara, kuma wannan nauyi ne a kan talaka. A nan ne ya kamata hukuma ta shigo: ta ɗauki magina na gargajiya aiki a ƙarƙashin Sarkin Magina, ta tanadi wurin ɗibar ƙasa a wajen gari, ta riƙa yi wa gidajen da ke fuskantar manyan hanyoyin kasuwa yaɓe a kan rabin kuɗi. Abin da za a kashe a kan wannan a shekara bai kai kuɗin gadar sama guda ba, ko kusa. Kuma mai rumfar ƙasa ya san abin da yake samu a watan Afrilu, lokacin da maƙwabcinsa mai shagon kwano ke fifita da kwali.

Masu cewa a faɗaɗa hanya suna da hujja guda mai ƙarfi, ita ce gobara, kuma ba zan raina ta ba. Wanda ya ga abin da wuta ta yi wa Kasuwar Sabon Gari a watan Maris na 2016, inda dubban shaguna suka ƙone, ba zai yi wasa da wannan ba. Kurmi cike take da tabarma, fata, auduga, turare da takarda. Amma motar kashe gobara faɗin mita huɗu take nema, ba titi mai hannu biyu ba. A zaɓi hanyoyi biyu ko uku da ke ratsa kasuwar, a auna su. Mafi yawan abin da ya cushe su rumfunan kwano ne da tebura da aka tsawaita cikin hanya, in aka janye su faɗin zai fito ba tare da an taɓa tsohon bango ba. Inda dole sai an rushe, a biya diyya kafin a taɓa, a ba mutum wuri a layin sana'arsa. Sauran lungunan mesa ce za ta kai musu, don haka a haƙa rijiyar burtsatse da babban tanki a kusurwoyin kasuwa, da bakin famfo da 'yan kwana-kwana za su jona. Sau da yawa motar takan iso, ruwanta ya ƙare cikin 'yan mintuna, kafin ta je ta ɗebo ta dawo wuta ta tsallaka layi.

Tushen wutar kuma a san shi. Waya ce siririya da aka ja don ƙwan fitila, aka ɗora mata dutsen guga da abin dafa ruwa. Kaurin wayar fitila murabba'in milimita 1.5 ne, ta soket 2.5, kuma haɗin da aka murɗa da hannu aka naɗe da leda shi ke fara zafi. Sai a bar kaya a kunne a tafi gida don babu wuta, a kawo ta da tsakar dare babu kowa. Kowane layi ya samu babban makunni guda da mai gadi zai kashe in an tashi kasuwa, da na'urar da ke katse wuta da kanta in nauyi ya yi yawa. Janareto da jarkar fetur su fita daga cikin rumfa zuwa wuri guda a gefe. Tukunyar kashe gobara mai kilo 9 kamar daƙiƙa ashirin kawai take yi tana feshi, saboda haka amfaninta a minti na farko ne, kuma sai in wanda ke kusa ya taɓa riƙe ta. A koya wa masu gadi da 'yan dako, su ne ke wurin lokacin da masu shaguna ba sa nan.

Cunkoso kuwa lokaci ne maganinsa. Motar kaya ta sauke daga asuba zuwa ƙarfe tara, bayan nan sai kura da 'yan dako. Adaidaita sahu su samu tasha a bakin kasuwa, ta ɓangaren Ƙofar Wambai da ta ɓangaren Jakara, su daina kutsawa ciki.

Akwai abin da ke rushe tsofaffin gidaje fiye da ruwa a wasu layukan, shi ne rabon gado. Dattijo ya rasu ya bar gida mai soro da zaure uku da magada ashirin. Babu wanda zai iya sayen rabon sauran, babu wanda zai kashe kuɗinsa ya gyara abin da ba nasa shi kaɗai ba. Gida ya zauna shekara biyar ba yaɓe, sannan mai kuɗi ya zo ya saya ya baje ya yi shaguna. Ba a ce a hana magada haƙƙinsu ba, Allah ne ya ba su. Amma gidajen fatoma da na manyan malamai da ke kan waɗannan hanyoyi ba su da yawa, ana iya ƙirga su. Hukumar Tarihi da Al'adu ta jiha, tare da Masarauta da masu unguwanni, su fitar da jerinsu. In za a sayar da ɗaya, a fara yi wa hukuma tayi a kan farashin kasuwa. Attajiran Kano da ke gina masallatai da makarantu, Allah ya saka musu, su san cewa sayen irin wannan gida a mai da shi waƙafi, a zuba masu koyon dukanci ko ɗinkin hannu a ciki, shi ma sadaka ce mai gudana. Haka rumfunan kasuwa: a yi rajistar mai kowace rumfa da wanda ke zaune a ciki, domin sau da yawa wanda ke aiki a wurin shekara talatin haya yake, in an zo rabon sababbin shaguna sunansa ba ya cikin takarda.

Rubuta tarihin kansa ba ya buƙatar kwangila. Dattawan da suka san wane layi ne na 'yan me, wa ya fara zama a nan, ina aka ɗaure raƙuma, suna nan da ransu amma suna raguwa kowace shekara. Ɗaliban tarihi da na zanen gini na Jami'ar Bayero za su iya bin layi-layi da na'urar ɗaukar murya da tef ɗin awo, su zauna gaban Baba da ladabi su tambaya, su auna kowace rumfa, su ɗauki hoto, a ajiye kwafi a Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa, a ba ƙungiyar 'yan kasuwar nata. A kafa alluna masu ɗauke da tsofaffin sunayen layuka, da boko da ajami, kada a sauya musu suna da na wani mai riƙe da muƙami.

Duk waɗannan ayyuka kalanda ke mulkinsu. Awon gangare da damina ake yin sa, lokacin da ruwa da kansa ke nuna inda yake bi da inda yake kwanciya. Haƙar kwata da ɓamɓare siminti daga Nuwamba ne, tubali a buga shi cikin hunturu ya bushe sosai, yaɓe da laso a gama su kafin ƙarshen Afrilu. Kuɗin da aka saki a watan Yuni ya makara da shekara guda. Azara ma sai an yi odarta da wuri daga ƙauyukan da giginya ta rage, kuma giginyar da za ta ba da azara mai ƙarfi sai ta shekara da dama, don haka duk wadda aka sare a dasa wasu a madadinta tun bana.